Butar Baba Direba

Sau biyu Baba direba yana kai buroshi bakin fenti yana dangwalar katako. A na uku ya dace.

'Yarsa ce ta sa shi ajin zane na ranar Asabar, wai ya huta da hayaniyar yara talatin da yake kai wa makaranta a bas. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ko kwarzane bai taɓa yi ba. Yau da ƙafa ya zo, ya kuma makara. Kafin ya shigo Malama ta jera buta da kofi da lemo biyu a tebur, ta gama bayani: kada a zana su yadda suke, a farfasa su, a nuna gaba da baya da gindi a lokaci guda.

Sauran ɗalibai sai gumi suke, butocinsu sun ƙi fashewa, sumul kamar na talla. Shi kuwa tsoro ya cika masa ciki. Gani yake duk wanda ya leƙa allon zanen nan nasa ya raba shi da bas ɗinsa ke nan. Ya karkata shi wajen bango.

"Baba, me kake ɓoye mana?"

Malama ce a kansa. Kafin ya tare, ta juyo allon. Butar ta tsage gida bakwai, hannunta can, bakinta nan. Kofin ya hau kan lemo, gefen tebur ya karye biyu.

"Kai! Ku zo ku gani! Tun safe nake fama da ku, ga Baba ya gama a zama ɗaya."

Aka yi ta tafi. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf.

Ana haka 'yar ta shigo ɗaukarsa, ta ɗauki hoto tana dariya. "Baba, ashe gwani muke da shi a gida ba mu sani ba! Ungo mukullin bas, a kan firji ka manta shi. Jibi fa akwai makaranta."

Ya miƙa hannu, ya damƙi iska. Mukullin ya faɗi ƙasa.

Shi bai ji bayanin Malama ba, bai kuma farfasa komai ba. Ya zana teburin ne daidai yadda idanunsa suke nuna masa duniya tun ranar Laraba.