Tsiryar Masassaƙi

Kai da ranka ya ɓaci don yaron da ka riƙa ya fara cigiyar dangin ubansa, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani masassaƙi, turmi da taɓarya da akushi su ne abincinsa. Wata rana bayan kaka ya shiga daji ya sare wata tsohuwar kirya, tana faɗuwa sai ya ji ɗan kuka siriri daga cikin kogonta. Ya zura hannu ya zaro 'yar tsirya, wato ƙaramin akun nan na dajinmu, ko ido ba ta buɗe ba, jikinta tsirara sai ɗan gashi fari kamar audugar rimi. 'Yan uwanta kuwa faɗuwar itacen ta kashe su. Abin ya tsaya masa a rai, ya sa ta cikin hularsa ya kawo gida. Ya sassaƙa ɗan cokali wanda bai fi farce ba, yana jiƙa gero ya niƙa yana ɗura mata, in sanyi ya sauko ya kwantar da ita a ƙwarya da tsumma kusa da murhu. A hankali gashi ya fito: baya kore shar, kai toka-toka, ƙirji ruwan ɗorawa. Kejin kara da ya fara yi mata, yini guda ta ragargaza shi da baki, sai da ya kai wa maƙeri aka yi na ƙarfe. Daga nan ya gane bakinta ba ya zama banza, kullum sai ya jefa mata ɓaraguzan itace ta yi ta ɓantara. Yakan ajiye aiki ya tsaya kallon yadda take riƙe gyaɗa da ƙafa ɗaya kamar mai hannu, ko yadda take faɗawa kaskon ruwa ta yi wanka har ta jiƙa masa riga.

Da itace ya yi wuya a yankinsu, ya koma birni da ita, unguwar da ba a ganin tsuntsu sai tattabaru da shirwa. Nan ta kwashe duk abin da kunnenta ya ji. Tana yin ƙarar gizagonsa a kan itace har maƙwabta su ɗauka ya fara aiki, tana tarinsa, tana amsa sallama kafin ya amsa. Yakan gaya wa masu sayen turmi cewa wannan mutum ce aka sa wa gashi, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba sai shi. Shekaru suka tura a haka. Sai wata shekara tsiryar ta yi shiru. Ta daina tarin, ta daina sallamar, ta koma fige gashin ƙirjinta da kanta har fata ta bayyana. Ya kawo gwanda, ya kawo mangwaro, ya sauya mata wurin rataya, duk a banza. Ta dubi abincin ta kau da kai. Ya tabbata mutuwa za ta yi a hannunsa, kuma bai san abin da ya rage ta da shi ba.

Ana haka aka aiko masa yayarsa ba lafiya a ƙauye. Ba wanda zai bar wa tsiryar, sai ya lulluɓe kejin da zane ya tafi da ita. Da gari ya waye ya rataye ta a jikin ɓauren da ke bayan gidan yayar tasa, lokacin kuwa 'ya'yan ɓauren sun nuna. Yana tsugune yana wanke fuska sai ga wani garken tsirya kore shar ya keto sama da ihu, ya zube a kan ɓauren, rassa suka ɗauki rawa. Tsiryarsa ta sandare. Ta miƙe wuya, ƙwayar idonta tana tsukewa tana buɗewa. Can sai ta buɗe baki ta saki wani kuka mai kaifi kamar an goga wuƙa a dutse, kukan da bai taɓa ji daga gare ta ba tun ranar da ya zaro ta daga kogo. Itacen duka ya yi tsit. Sai ɗaya daga can ƙoli ya amsa da irinsa sak, ya fara saukowa reshe bayan reshe. Ruwan da masassaƙi ya ɗebo ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa bai sani ba. Wannan halitta idonta a rufe ya ɗauke ta, ba wanda ya koya mata, to ina aka ajiye kukan nan duk shekarun nan? Da ƙyar ya iya cewa, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye wannan a ƙirjinki, ni ina ta ɗura gero a kai ban sani ba."

Bai sake ta ranar ba, don fukafukanta ba su da ƙwari, shirwa za ta yi kalaci da ita. Birnin ne ya haƙura da shi. Ya zauna yana jinyar yayarsa, yana buɗe ƙofar kejin da rana yana gadi daga nesa. Ta koma cin abinci, gashin ƙirji ya tsiro, ta fara tsalle zuwa reshe na kusa, sannan na gaba da shi. Kafin ɓaure ya sake nuna ta bi wancan da ya amsa mata zuwa kogon wata kuka a bakin rafi. Bayan haka in garken ya gifta da safe, masassaƙi yakan ɗaga kai ya kare rana da tafi, ya yi ta dubawa, ya kasa gane wacce ce tasa. Bai taɓa kiran abin butulci ba. Ya raine ta, ta rayu, amma ba shi ya halicce ta ba. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.