Shukar 'Yar Fari

Ka ce kana jin nauyin tambayar ɗanka abin da ka san ya fi ka sani. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomin lambu, gwanin albasa da tumatir, wanda duk fadamarsu in shuka ta ƙi daɗi wurinsa ake zuwa. 'Yarsa ta fari tana aure a Kurmi. Ka san halinmu da ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, in ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri, alhali duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta. Wata shekara ta zo ganin gida, ranar komawa ta ajiye masa wata shuka cikin tukunya a inuwar ƙofar turakarsa, ta tafi. Ganyenta fala-fala, kore shar, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa nono. Tun da yake bai taɓa ganin irinta ba. Ya so ya tambaya, kunya ta hana. Sai ya tsinki ganye ɗaya ya nufi kasuwa. Mai sayar da iri ya ce dangin gwaza ce. Mai magani ya sansana, ya ce maganin sammu ce, in ta sayarwa ce zai saya. Kowa da nasa, ba wanda ya ce bai sani ba. Ya dawo ya yi mata gatan da ya iya: ya fito da ita tsakiyar rana, ya zuba mata takin tumaki, safe da yamma yana ba ta ruwa kamar albasa. Ganye ya fara ƙonewa, gindi ya yi laushi. Ya ƙara ruwa, ta ƙara lalacewa. Abin ya dame shi ƙwarai, don ita ce kyautar farko da 'yar ta ba shi ba ta hannun uwarta ba, ga shi kuma za ta zo da salla ta gani.

Da ya rage ganye biyu, sai ya ɗauki waya ya kira ta da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ta ɗauka a tsorace, tana zaton rasuwa aka yi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Shukar nan, mece ce ita?" Ta ce, "Baba, sunanta ni ma ban riƙe ba. Amma a nan ƙarƙashin manyan itatuwa take fitowa, ba ta son rana, ba ta son ruwa ya kwanta mata. Shi ya sa na ajiye muku ita a inuwa." Ashe inda ta ajiye ta nan ne wurinta, gwanintarsa ce ta ɗauke ta. Ya mayar da ita, ya sake mata ƙasa, ya rage ruwa. Kafin salla sabon ganye ya leƙo a nannaɗe. Daga nan duk Juma'a sai ya kira, wai zai ba da labarin shuka, ita kuma ta ji muryar ubanta.

Kunya ado ce, ban ce ka yar da ita ba. Amma da mutumin nan ya ƙara jan jiki, busasshen kara 'yarsa za ta tarar a ƙofa. Tashi ka tambayi ɗanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.