Makullin Kogon Barewa

'Yar auduga ce a kan tsinke, amma ita ta gama da Dogo. Jami'ar hukumar kayan tarihi ta goga ta a bayan barewar da ke zane jikin bangon kogo, a hankali kamar mai share wa jariri ido, sannan ta ɗaga ta a hasken tocila. Audugar ta yi jawur.

"Zanen da ya shekara dubbai ba ya zuba," in ji ta. "An bi wannan da sabuwar jar ƙasa. Wa ke riƙe da makulli?"

Makullin na rataye a wuyan Dogo, kowa yana gani.

A da, kogon nan mafakar awaki ce in ruwa ya tsuge. Da masana suka zo suka ce mutanen farko ne suka zana barewar da maharban da ke bin ta, sai hukuma ta so ta kewaye dutsen da waya ta kawo masu gadi daga birni. Kawun Dogo ne ya tsaya kai da fata har aka yarda ƙauye ya kafa kwamiti ya kula da abinsa. Shi ya shugabanci kwamitin, shi ya sayo kwaɗo, shi ya yi ta hawa da baƙi har gwiwoyinsa suka ƙi, ya zamana in ya tsuguna sai ya dafa wani abu kafin ya miƙe. Daga nan ya rataya wa ɗan ƙanwarsa makullin.

"A da makullan biyu ne," ya ce masa, "ɗayan ya faɗa rijiya. Ka riƙe wannan kamar ranka."

Dogo kuwa ya riƙe, har ya wuce gona da iri. Ba taɓawa, ba jingina, ba kusantar bango da numfashi. Matarsa kan ce da zai lura da ita rabin yadda yake lura da barewar nan, da tuni ta yi ƙiba. Su kuma baƙi ƙorafinsu ɗaya ne: zanen ya koɗe, hoto ba ya fita. Sukan sauko su tarar da Kawu a gindin dutse yana zuba musu shayi, ƙaramin yatsansa da ya karye tun yana saurayi ya tsaya gefe guda, su yi ta tsokanarsa wai yana riƙe kofi irin na manya. Ya yi dariya tare da su. In sun tafi sai ya yi tsaki ya ce, "Ranar da suka daina zuwa, ranar za a ce mun kasa."

Da damina Dogo ya kai matarsa asibiti a birni, makulli a wuyansa. Da ya dawo ya ga barewar ta ƙara fitowa, sai ya ɗauka danshi ne, don takan yi haka in an sha ruwa. Wallahi har murna ya yi.

Bayan binciken jami'ar, a ajin makarantar ƙauye aka yi taro, manya sun takure a bencin yara. Jami'ar ba ta ja zance ba: ko ƙauye ya cire wanda ya yi wannan ɓarna, ko hukuma ta karɓe kogon. Dogo ya rantse, ya sake rantsewa. Masu sayar wa baƙi abinci da masu ɗaukarsu a babur, waɗanda jiya-jiya suke kiransa namu, duk suka sunkuyar da kai. Abin ya yi masa ciwo, amma bai karaya ba, tunda Kawu bai yi magana ba tukuna.

Kawu ya dafa tebur ya miƙe.

"Yaron nan ni na goya shi," ya ce. "Amma ba a fasa kwaɗo ba, makulli kuma ɗaya ne. Ba zan bari a ƙwace wa gari abinsa saboda jinina ba."

Aka ce masu son a cire Dogo su ɗaga hannu. Na Kawu ne ya fara tashi.

"Kawu, har da kai?"

"Ka yi haƙuri, ɗana."

Abin takaici, Dogo har uzuri ya yi wa tsohon a ransa. Ya ce nauyin gari ne a kansa, kuma ai ya ga hawaye a idonsa. Alfarma ɗaya ya roƙa: a bar shi ya shiga kogon sau ɗaya kafin ya miƙa makulli.

Da safe ya hau tare da jami'ar. Shi dogo ne, duk shekarun nan daga tsaye yake kallon barewar. Yau sai zuciya ta raya masa ya ga yadda azzalumin ya yi aikinsa, ya tsuguna daidai inda mai bin ƙafafun barewar da jar ƙasa zai tsuguna. Ya daɗe a haka. Da ya zo tashi ya kai hannu zai dafa wani ɗan tudu a ƙasan bangon, inda ido ba ya kaiwa daga sama, sai ya janye da sauri ya haska wurin.

Wani ya riga shi dafawa. Tafin hannu ne ja, sabo, yatsu a jere, ƙaramin ya tsaya gefe guda kamar na mai riƙe da kofin shayi.