Kafson Kaji a Ruwan Kifin Ene

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikokina. Tunda a takarda muka haɗu, ku amsa ko a zuci ne: ta zo mu ji ta.

Ya Fanne dattijuwa ce a Potiskum, mai kiwon kaji, mai son mutane. A shekarar da aka yanke layukan waya aka sa dokar hana fita, maƙwabcinta Ochai, wani ma'aikacin gwamnati, ya shirya kai 'yarsa Ene garinsu har ƙura ta lafa. Komai ya shiga mota ban da akwatin gilashi mai ruwa, wanda kifayen ado ke ciki, jajaye masu dogon jela. Na marigayiya matarsa ne. Tun rasuwarta Ene ke kula da su, kowanne ta raɗa masa suna.

Ochai ya shigo da akwatin ɗakin Ya Fanne ya ce, "Mama, ga amana. Abincinsu na cikin gwangwanin nan, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, da safe kawai. In kin ga wani canji, ki nemi Muhammadu Lawan mai kiwon kifi a Ngojin."

Ta ce, "Baban Ene, ni da na raini 'ya'ya da jikoki, kifi ne zai gagare ni? Allah ya kiyaye hanya."

Ene ta riƙe mata zane ta ce, "Kaka, na Mama ne fa."

To, Ya Fanne akwai tausayi. Duk sanda ta wuce sai ta ga kifayen na buɗe baki, ta ce wannan awon yatsu biyu ai rowa ce. Ta riƙa ƙara musu ɓarɓashin burodi, wata rana har ɗan tuwo. Ga wuta ba ta zama, ɗan injin da ke hura musu iska ya fi yin shiru. Ruwa ya fara yin duhu.

Ba a jima ba wasu fararen ɗigo-ɗigo suka fito a jikin kifayen, kamar an barbaɗa musu gishiri. Suna goga jiki da duwatsu, suna hawowa sama suna haki.

Ta tuna da Muhammadu Lawan. Amma babu waya, hanya kuma duk shingayen bincike ne, a sauke ka daga keke ka taka da ƙafa. Sai ta ce a ranta, ciwo ai ciwo ne. In kajinta suka yi sanyi, kafso ja da rawaya take buɗewa ta zuba musu a ruwa. Ta buɗe ɗaya ta juye wa kifi. Da gari ya waye babu sauƙi, ta ƙara.

Rauda, matar ɗanta, ta leƙo ta ce, "Iya, ƙazanta ce. Ko mutum ne a ruwan nan ai zai kwanta."

Suka kwashe kifayen a roba, suka wanke gilashi da duwatsu da garin sabulu har yana ƙyalli, suka cika shi da ruwan randa mai sanyi, suka mayar da su. Kafin la'asar duk sun juya ciki sama, sai ƙarami guda da ke motsi da ƙyar.

A lokacin ne Ya Fanne ta ga shingayen ba su da yawan da zai hana ta tafiya. Ta sa shi a kwalba ta nufi Ngojin.

Muhammadu Lawan ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce, "Iya, me kika ba su?"

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba.

Ya ce, "Wannan ɗigon wata 'yar ƙwayar cuta ce da ke maƙalewa a fata, ta fi kama kifin da ruwa ya galabaitar. Kafson kaji ba ya taɓa ta. Da kin zo tun farko, da mun rage abinci, mu riƙa ɗebe ruwan kaɗan-kaɗan muna sa wanda ya kwana ya huce, mu sa ɗan gishiri a kan ƙa'ida ko maganin da aka yi domin su. Yawanci suna tashi. Sabulu kuwa guba ne gare su, ga sanyin da kika jefa su ciki farat ɗaya."

Ta ce, "Wannan ɗin fa, ɗana?"

Ya ce, "Ya yi nisa, Iya."

Kafin ta ƙarasa gida kifin ya mutu.

Da gari ya ɗan lafa, Ochai da 'yarsa suka dawo. Ene ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa ɗakin, ta tarar da gilashi a bushe. Ta juyo ta ce, "Kaka, kin je wurin mutumin da Baba ya ce?"

Ya Fanne ta ce, "Na je, amma a makare."

Ochai ya ce, "Ba komai, Mama, kin yi ƙoƙari." Ya kama hannun 'yarsa suka fita.

'Ya'yana, kyakkyawar niyya ba ta zama sani. Kada ku ba da magani kafin ku san ciwon, ko ga kifi, ko ga kaza, balle ga ɗan mutum. Ku tambayi wanda ya sani tun abin yana ƙarami.

Ochai bai ƙara sayen kifi ba, daga baya aka yi masa canjin wurin aiki suka tashi. Ene tana gaishe da Ya Fanne a ƙofa har ranar tafiyarsu, amma ba ta sake shiga ɗakinta ba. Muhammadu Lawan yana nan da kiwonsa, Rauda ta koma kan girkinta. Ya Fanne kuwa ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya kawo mata ajiyar abu mai rai, sai ta ce ya kai wani gidan. Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.