Ragon Suna a Dajin Tsafe

"Wannan direban bai iya tuƙi ba," in ji Bashar, yana bin sawun tayar da ke gabansa. "Dubi yadda ya afka kwazazzabo kamar makaho."

Kawu Arzika na zaune a gefensa. Tun a Tsafe ya ce a bi kwalta, Bashar ya ce motarsa mai ja da ƙafa huɗu ce, daji ma titi ne a wurinta. Matar Bashar ce ta haihu a ƙauyen iyayenta, can bayan 'Yandoto. Sun ɗora ragon suna a bayan mota, ga hantsi ya dubi ludayi.

Da suka hango wani makiyayi a gindin kuka, Kawu ya ce, "Tambaya dai, ana jiran mu."

Bashar ya sauke gilashi. "Malam, sakaran da ya bar sawun nan, ina ya nufa?"

Makiyayin ya sunkuyar da kai. "Alhaji, yau babu motar da ta ratsa nan sai taka." Ya jawo igiya daga bayan kukar. "Ga ragonka, tun zagayen farko ya diro. Na san za ka dawo."