Ɗakin Gilashin Alhaji Shitu

Mutumin ya ƙwanƙwasa ƙofa ne Alhaji Shitu yana tsakiyar shan shayi. Basine ne siriri, da jaka baƙa a hammata da tef ɗin awo a hannu. Ya ɗan rusuna, ya nuna sama da yatsa. Nan take shayin ya fita daga ran Alhaji.

A sama ɗin nan ciwon yake. Shekarar da Hong Kong ta koma hannun Sin, Alhaji Shitu, Bakano mai sarin kaya a kasuwar Baima, ya sayi gida a hawa na ƙarshe na wani bene a Guangzhou. Abin da ya ja shi kuwa ɗakin gilashi ne da tsohon mai gidan ya ɗora a kan rufi. Sai da aka gama ciniki aka sha hannu, dillali ya faɗa masa yana sosa ƙeya cewa hukuma ba ta san da zaman ɗakin ba.

Alhaji yana son ɗakin nan kamar ransa. A ciki yake shan hantsi, har zogale ya shuka a bokiti. Matarsa Jumai ce ɗakin ba ya burge ta. "Alhaji, duk unguwa kallona ake yi kamar kifi a kwalba," ta ce masa. "Bari dai, ni zan yi maganin abin." Bai ko ɗago kai ba, don kunnensa ya saba da mitar Jumai. A makon ta tafi Kano bikin ƙanwarta.

Yanzu ga mai tef ya hau sama, yana auna tsawo yana auna faɗi, yana girgiza kai. Sinancin Alhaji bai wuce na kanti ba: gaisuwa, godiya, "babu". Kuma ko da ya iya, a gidansu ba a tsare baƙo da tambayar me ya kawo shi, balle baƙon hukuma. Sai ya shimfiɗa darduma, ya kawo kilishi da dabino. Mutumin ya ci har da lumshe ido, ya tafi.

Da maraice Alhaji ya garzaya wurin amininsa Abdul-Wadud, ɗan zangon Kumasi mai tura kaya ta jirgin ruwa, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba.

"Tef ka ce? Ai kuwa su ne! In suka rushe da hannunsu, gidan gaba ɗaya za su garƙame. Ka lallaɓa shi, Alhaji. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma hannu mai kyauta ya fi."

Da baƙon ya dawo, bai hau sama ba. Ya yi ta magana yana nuna rigar Alhaji, har ya kama hannun rigar yana murza shaddar da yatsu biyu. Alhaji ya yi murmushi a ransa, ya ce ashe ma'aikaci ko'ina ɗaya ne. Ya shiga ɗaki ya kwaso shaddar da ya ajiye don sallah, shuɗiya, mai tsada, duk ya danƙa masa. Mutumin ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Laoban!" wato maigida. Alhaji ya yi barci mai daɗi.

Murnar ba ta daɗe ba. Zuwa na uku, mutumin ya hau kujera ya bi saman kowace taga ta ɗakin gilashin yana ɗiga alama da alli. Alhaji ya san wannan. Duk ginin da za a rushe a garin nan, alama ake fara yi masa.

"Ya ci shaddarka kuma ya yi alama?" in ji Abdul-Wadud. "To babu tsoron Allah a lamarin. Riga su, Alhaji. In babu ɗaki, babu laifi."

Da asarar gida gara asarar ɗaki. Alhaji ya ɗauko ma'aikata, suka kwance gilashin ɗaya bayan ɗaya, suka sauke ƙarafan. Ya tsaya rungume da bokitin zogalensa yana kallo, kuma wallahi sai da ya share ƙwalla.

Ranar Litinin aka sake ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan karon Alhaji da kansa ya ja mutumin zuwa sama, ƙirji a buɗe, ya nuna masa rufi fayau ya ce da Sinancinsa na kanti, "Babu!"

Mutumin ya dubi rufin, ya dubi Alhaji, baki sake. Sannan a hankali ya sauke ƙunshin da ke kafaɗarsa ya kwance, ya warware shuɗiyar shaddar Alhaji, an yanke ta an ɗinke tsaf da zobba a jere: labulayen ɗakin gilashi ne, waɗanda Jumai ta ba telan nan aikinsu kafin ta tafi Kano.