Ranar da Sarkin Ruwa Ya Hana Fito

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Yanzu duk wanda ya iya iyo sai a ce masa sarkin ruwa. A da kuwa sunan mutum ɗaya ne a gari, wanda ba a saka kwalekwale a kogi sai da izninsa. An yi wani mai fito a wani gari na bakin kogi, aka naɗa shi wannan sarauta. Wata ranar kasuwa cikin damina ya sauko da sassafe, ya tsuguna ya ɗebi ruwa a tafin hannu, ya ga ya yi ja, ga kumfa da ɗanyar ciyawa suna wucewa. Ko ɗigo bai sauka a garin ba, amma ya san an kwana ana sheƙa ruwan sama a can inda kogin ya fito. Ya tattara filafilan masu fito duka, ya ɗaure su da igiya, ya zauna a kai.

Kasuwar kuwa tana tsallake. Mata da kwandunan tumatir, mahauta da awaki, kowa ya dubi kogi ya ga bai kai ƙirji ba. Aka fara da roƙo, aka koma gori. Wata tsohuwa ta ce ubansa ya fi shi zuciya. Masu fito 'yan'uwansa suka ce rawani ne ya sa masa tsoro. Da hantsi ɗan aiken mai gari ya iso da kayan da za a kai kasuwa, ya ce in bai buɗe fito ba, rawanin nan ba zai kwana a kansa ba. Maganar ta soke shi, domin shekara talatin ya yi yana tuƙi kafin ya samu. Ya warware rawanin, ya naɗe, ya miƙa masa.

"Ga shi, kai wa ranka ya daɗe. Filafili kuwa, sai an ɗaga ni."

Ba wanda ya ɗaga shi. Kafin azahar aka ji ruri daga gabas, kogi ya taso ya shafe gaɓa, ga wata giginya da saiwarta tana juyi daidai inda ake ƙetarewa. Kowa ya kwashi kayansa ya hau tudu.

Kwana biyu ruwa ya janye, shi ya fara tura kwalekwale, kansa ba rawani, don mai gari bai huce ba tukuna. Ba wanda ya ce masa sannu. Wata ma tun daga wannan gaɓa har waccan tana yi masa mitar tumatirinta da ya ruɓe, shi kuwa yana ta tuƙi, yana cewa ta yi haƙuri, ta zauna tsakiya.

Ƙurunƙus kan ɓera. Irin wannan mutum ake kira sarkin ruwa, kuma a kansa Hausawa suka ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba.